Hantsakin da ke shiga ciki: amsoshin tambayoyinku kan fibro

Wasiƙun wannan karon kusan duk sun taru a kan abu guda: ɗan ƙarfen nan da likita ke zurawa ta cikin tiyon leƙa ciki, wato fibro, don ya gutsuro nama ko ya ciro abin da aka haɗiye. Ma'aikata suna ce masa pens da Faransanci. Mu za mu kira shi hantsaki, tunda aikinsa kamawa ne. Likitan ciki da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin fibro ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 64, ya daɗe yana fama da ciwon ciki, ga rama. An tura mu babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, aka ce za a yi masa fibro a gutsuro nama daga tumbinsa. Tsoho ya kafe, ya ce ba za a yanka shi da ransa ba. Da zafi? Ba za a huda masa ciki ba? (Wani magidanci daga unguwar Birni)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Ka zauna da shi ka kwatanta masa kayan aikin, don kalmar "yanka" ce ta firgita shi, alhali babu wuƙa a cikin zancen.

Tiyon da za a saka masa ta baki kaurinsa milimita 9 zuwa 10 ne, bai kai ƙaramin yatsan babban mutum ba, tsawonsa kuma ya ɗan haura mita ɗaya. A cikinsa akwai wata siririyar hanya mai faɗin milimita 2.8, ta nan hantsakin ke bi. Shi kansa hantsakin kaurinsa bai wuce milimita 2.4 ba, tsawonsa wajen santimita 160. Wanda ya taɓa kwance wayar birkin keke ya riga ya san ƙirarsa: kube na murɗaɗɗen ƙarfe a waje, siririyar waya a ciki. A gindi akwai zoben da ake sa babban yatsa da wani maja da ke zamewa gaba da baya. A kai kuma akwai baki mai leɓe biyu, kamar ƴan mitsi-mitsin cokula da aka kifa wa juna, gefensu da kaifi. In an tura majan sai bakin ya buɗe kamar milimita 6 ko 7, in an jawo shi ya rufe. Abin da yake gutsurowa milimita 2 zuwa 3 ne. Ka ɗauki ƙwayar gero guda ka ɗora masa a tafin hannu, ka ce ga girman naman.

Bangon tumbi hawa-hawa ne, hantsakin kuma shimfiɗar sama kawai yake tsinkowa. Wannan shimfiɗar ba ta jin zafin yanka yadda fatar jiki ke ji. Iyaka mutum ya ji kamar an ɗan ja wani abu a ciki, da yawa ma ba sa sanin an yi. Jini yakan ɗan tsattsafo ya tsaya da kansa, wurin ya warke cikin ƴan kwanaki. Abin da zai dame shi shi ne yunƙurin amai lokacin da tiyo ke wuce maƙogwaro, da kumburin iskar da ake hurawa don tumbi ya buɗe. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya kwanta ta gefen hagu, a sa masa roba tsakanin haƙora, aikin duka minti biyar zuwa goma. Ya bar abinci awa shida kafin nan, ruwa zalla kuma awa biyu. Bayan an gama kada ya ci ko ya sha sai an yi kamar awa ɗaya, maƙogwaro ya dawo da jinsa, don kada ya ƙware.

Dalilin da ya sa ba za mu ba ka shawarar a haƙura ba: idon likita, komai ƙwarewarsa, ba ya iya rantsuwa cewa wannan gyambon na yau da kullum ne, wancan kuma sankara ce. Madubin ƙara girma ne ke raba gardama. Dattijo mai wannan shekaru da ke ramewa, in an ga gyambo ko ƙari, ana ɗaukar gutsure aƙalla shida, galibi daga gefe-gefen gyambon, domin tsakiyarsa mataccen nama ne da ba ya nuna komai. In kuma ana neman ƙwayar cutar nan Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostireliya Barry Marshall da Robin Warren suka nuna ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki har aka ba su kyautar Nobel a 2005, to wuri biyar ake ɗauka: biyu a ƙasan tumbi, biyu a jikinsa na sama, ɗaya a lanƙwasar da ke tsakaninsu. Nan akwai abin lura. In Baba yana shan omeprazol, maganin gyambon ciki, wanda yanzu kowa ke saya ba tare da takardar likita ba, ku faɗa tun ranar da za a ba ku lokaci. Maganin yana ɓoye ƙwayar cutar, shi ya sa ake so a dakatar da shi mako biyu kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu.

Zancen da ake yi a gari cewa in ƙarfe ya taɓa sankara sai ta bazu, ba gaskiya ba ne a wannan aikin. Jinkiri ne ke ba ta damar bazuwa. Hujewar tumbi ta dalilin hantsakin biyopsi, wato gutsuro nama don gwaji, abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Duk da haka, in bayan kun koma gida ya ji ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, ko zazzaɓi, ko ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ku dawo da shi a take, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Ina shan asfirin kullum saboda zuciya. In daina kafin fibro? (Wata Hajiya daga Sabon Gari)

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki daina da kanki. Ana yin biyopsi ga mai shan asfirin ba tare da an dakatar da shi ba. Sauran magungunan tsinka jini kowanne da ƙa'idarsa, don haka ki zo da kwalayen magungunanki duka a gani. In kina da ciwon hanta ki faɗa tun farko. Hanta in ta ƙandare, jijiyoyin jini kan kumbura a hanyar abinci da saman tumbi, wasu su yi kama da ƙari, kuma waɗannan ba a kai musu hantsaki sam.

Tambaya: Ɗana mai shekara uku ya haɗiye ƙwandalar dala ashirin. Yawu ya riƙa zuba, ya kasa cin komai. Kakarsa ta ce a ba shi lomar tuwo ta tura ta. Mun kai shi asibiti an ciro, alhamdu lillahi, amma har yanzu ana ce mini na yi gaggawa, da ta fita da kanta. Wa ke da gaskiya? Kuma da me aka ciro ta ba tare da an tsaga shi ba? (Wata uwa daga Mirriya)

Amsa: Ke ce da gaskiya, Malama, kuma Allah ya saka miki. Yaron da yawu ke dalala daga bakinsa, hanyar abincinsa ce ta toshe. Lomar tuwo ba ta da wurin wucewa, sai ta taru a saman ƙwandalar, ta dawo, ta faɗa hanyar numfashi. Haka sa yatsa a maƙogwaro, haka ɗura mai ko ruwan gishiri don ya yi amai: duk suna ƙara haɗari.

Hanyar abinci tana da wurare uku masu matsi, mafi matsi shi ne na sama, daidai gindin wuya, kuma a nan kuɗin ƙarfe suka fi tsayawa. Dala ashirin faɗinta milimita 26, ta yi wa maƙoshin ɗan shekara uku yawa. Abin da ake bi shi ne: in ƙwandala na cikin hanyar abinci kuma yaro ba ya iya haɗiye yawu, a cire ta cikin ƴan awoyi. In tana nan amma yaron lafiya lau, kada ta wuce awa 24. In hoton rediyo, wato hoton cikin jiki na asibiti, ya nuna ta riga ta faɗa tumbi, a nan ne zancen Kaka ke iya zama daidai, don sau da yawa takan fita a bayan gida; ana bibiya da hoto, in ta yi makonni ba ta motsa ba a shiga a ɗauko.

Ana sa yaro barci, a saka masa bututun numfashi don kada abin ya suɓuce ya faɗa huhu. Da tiyo ya wuce maƙogwaro sai a tarar da yawu ya taru kamar ɗan tafki, a zuƙe shi, sai ga gefen ƙwandalar yana ƙyalli, naman wurin ya rungume ta ta ko'ina. Hantsakin biyopsi ba ya riƙe ta, leɓunansa zamewa suke a kan ƙarfe. Akwai wanda aka ƙera don wannan, ana ce masa haƙorin ɓera: ƙarshen leɓunansa da ƴan ƙugiyoyi masu shiga juna, su ke cafke ɗan tudun da ke zagaye da bakin ƙwandala. Akwai mai bakin kada, dogo mai jerin haƙora, don abu mai faɗi ko mai laushi. Abu mai santsi da zagaye, kamar ƙwallon dabino ko dutsen wasa, ba ya kamuwa da ɗayansu, sai a yi amfani da ɗan kwandon waya ko raga mai buɗewa ta rufe. Tunda ƙwandala ba za ta shiga hanyar milimita 2.8 ba, ana jawo ta ta manne da kan tiyo, a fito da tiyo da hantsaki da ita gaba ɗaya, a hankali. A wasu asibitocin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne ke yin aikin da miƙaƙƙen bututun ƙarfe da dogon hantsaki, shi ma hanya ce mai kyau.

Bari mu yi amfani da wasiƙarki mu ja kunnen iyaye kan abin da ya fi ƙwandala sharri nesa ba kusa ba: ɗan batir mai kama da maɓalli, na agogo, na makullin mota, na kayan wasan yara. Mai faɗin milimita 20 shi ya fi maƙalewa. In ya tsaya a hanyar abinci, wutar da ke cikinsa tana haɗuwa da damshin wurin ta haifar da sinadari mai cin nama irin na soda, cikin awa biyu ya fara ƙona bango, yana iya hudawa har babbar jijiyar jini. Ko batir ɗin ya daina tada agogo, yana da sauran ƙarfin yin ɓarna. A hoto yana kama da kuɗi, sai dai yana da zobe biyu a gefe, shi ya sa dole ku gaya wa likita in kuna zaton batir ne. Ba a jira gari ya waye. In yaron ya haura shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 ba, a ba shi zuma cokalin shayi biyu duk minti goma, har sau shida, ana tafe a hanya. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta maye gurbin cirewa. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Sai ƴan matanmu da ke riƙe allurar hijabi da leɓe suna gyara lulluɓi, da teloli masu yin haka da fil. Dariya ɗaya ko tari, ta wuce. Abu mai tsini ana kama shi ne ta gindi, tsinin ya biyo baya, domin tsinin da ke gaba shi ke huda. Wani lokaci sai an zura wani faffaɗan bututu a kan tiyon ya zama kube, a jawo allurar ta cikinsa.

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne, wata uku ke nan da aka maida ni ɗakin fibro. Hantsaki biyu sun lalace a hannuna. Ɗaya ya daina rufewa, ɗayan ya cije a cikin tiyo, da na tura sai ya lanƙwashe. Ina kuskuren yake? (Wani abokin aiki daga jihar Damagaram)

Amsa: Madalla da ka tambaya, abokin aiki. Fara da takardar da ke jikin ledar: tana faɗin tsawon hantsakin da mafi ƙarancin faɗin hanyar da zai bi. Na tumbi santimita 160 ne ko kusa da haka, na babban hanji 230. In ka sa gajeren a tiyon hanji ba zai leƙo ba. Mai babban baki yana son hanya ta milimita 3.2 ko fiye, siririn tiyon yara mai hanya milimita 2 kuma sai hantsaki mai kauri 1.8. Kafin ka miƙa wa likita, ka naɗe kuben ya yi zagaye mai faɗi, ka buɗe ka rufe sau biyu ko uku, ka ga leɓunan suna haɗuwa daidai, ba ɗaya ya hau ɗaya ba.

Wajen zurawa bakin yana rufe, yatsunka na riƙe da majan. A riƙe kuben kusa da ƙofar hanya, a tura kaɗan-kaɗan, kamar santimita uku a kowane turi. Wanda ya riƙe daga nesa ya tura da tsawo, shi ke karya kube a bakin ƙofa. Cijewar da ka ji kusan kullum a ƙarshen tiyo take, wurin da ke lanƙwasawa, musamman in likita ya juya kan tiyon baya yana duban saman tumbi. Kan hantsakin sandararren ƙarfe ne, ba ya bin kwana mai tsanani. Ka ce masa ya cije. Zai saki lanƙwasar, hantsakin ya leƙo, sannan ya sake lanƙwasawa. Turawa da ƙarfi asarar hantsaki ce ƙarama. Babbar ita ce ka yage rufin hanyar, ruwa ya shiga cikin tiyon, ko ka bar ƙarzunan da datti zai riƙa maƙalewa ciki, buroshi bai kai gare shi ba. Tiyo guda in ya tafi gyara, marasa lafiya na gari guda ne ke jira.

Wanda ya daina rufewa kuma, abu biyu ne suka fi jawo shi. Na farko matsawa da ƙarfi. In likita ya ce "rufe", ja mai taushi ya isa, kaifin leɓe da ɗan fizgar da zai yi su ke tsinko naman. Matsi mai yawa yana miƙar da wayar ciki ko ya tsinke ta, kuma yana murƙushe naman har mai duba shi ya kasa karantawa. Na biyu jini da majina da suka bushe a mahaɗar leɓunan da tsakanin murɗin kube. In ya taɓa ƙin rufewa yana cikin mara lafiya, kada ka ja shi cikin hanya da baki buɗe. Ka miƙar da kuben ka sake gwadawa. In ya ƙi, a jawo shi ya zauna a bakin tiyo, a fito da su tare ana kallo.

Gutsure mai kyau yana samuwa ne in ba a cika tumbi da iska ba, don bango in ya miƙe kamar fatar ganga, saman kawai ake karcewa. A buɗe hantsaki, a jawo shi kusa da kan tiyo, a juya kan ya fuskanci bango, a ɗan zuƙe iska naman ya faɗo cikin bakin, sannan a rufe. Mai ƴar allura a tsakiya yana iya riƙe gutsure biyu a shiga ɗaya. Wajen fitarwa ka riƙe gaz, wato ƙyallen rufe ciwo, a bakin ƙofa kana share kuben, don kada ya yi maka feshi a fuska. In ka kaɗa bakin a cikin formol, ruwan maganin adana nama, don naman ya faɗa, ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta kafin ya koma cikin mutum.

Tambaya: Hantsakin nan da ya shiga cikin wani, shi ake sa wa na bayansa? Ina tsoron ciwon hanta da sida. (Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole)

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, Alhaji, kuma haƙƙinka ne ka tambaya kafin ka kwanta. Iri biyu ne. Akwai na amfani sau ɗaya, a jikin ledarsa za ka ga lamba 2 a cikin da'ira an soke ta. A gabanka ya kamata a farke ledar, in an gama a jefa shi cikin kwandon sharar asibiti. Irin wannan ba a ƙera shi don wanki ba, kuma ba ya wankuwa. Akwai kuma na ƙarfe mai jure maimaici, shi ma halal ne in an bi ƙa'idarsa.

Ƙa'idar tana da tsauri saboda hantsaki yana keta nama ya taɓa jini, don haka hukuncinsa ɗaya da kayan tiyata. Tsoma shi minti ashirin a ruwan maganin da ake tsoma tiyo bai wadatar ba. Da an fito da shi a jefa shi cikin ruwan sabulun asibiti mai narkar da jini tun bai bushe ba, a goge leɓunan da buroshi suna buɗe, a sa shi a injin wanki mai girgiza ruwa wanda ke fitar da dattin da ke tsakanin murɗin kube, a ɗauraye, a busar, a sa wa mahaɗa ɗan man da aka tanada, a naɗe shi da faɗi kamar santimita 20 a cikin ledarsa, sannan a dafa a tukunyar tururi, otokilaf, a zafin digiri 134. Ƙa'idar Faransa minti 18 ce. Tanda mai busasshen zafi, pupinel, tana lalata shi, ruwan jabel kuma yana cin ƙarfen ya dakushe kaifin. Maganin glutaraldehid, wanda ake tsoma tiyo a ciki, in ya tarar da jinin da ba a wanke ba, ƙara manne shi yake a jikin ƙarfe. A garinmu da ruwa ke wuya, wani lokaci sai na ƴan garuwa, a kula: ruwa mai laka ko gishiri yana barin ɓawo a mahaɗa, ɗaurayar ƙarshe da tukunyar tururi suna son tataccen ruwa.

Ba don tsoratarwa ake wannan tsanani ba, abin ya taɓa faruwa. A 1997 likitoci a Faransa sun wallafa labarin mutum biyu da suka kamu da ciwon hanta nau'in C bayan an duba musu babban hanji da tiyon da aka yi wa mai cutar aiki da shi, ba a goge hanyar da buroshi ba, ba a kuma dafa kayan a tururi ba. A 2001 ƙasar ta hana sake amfani da hantsakin biyopsi na ciki kwata-kwata. Inda aka bi matakan nan yadda suke, ƙwayoyin ciwon hanta da na sida ba sa tsira. In aka rubuta maka ka sayo hantsaki sabo a farmasi, ka duba ledar ba ta huje ba, kwanan watanta bai wuce ba, kuma kada ka naɗe ta ka cusa a aljihu.

Tambaya: An yi wa matata biyopsi, bayan dogon jira sakamako ya zo wai naman bai isa a gane komai ba, sai an sake. Kuɗi aka so ci? (Wani malamin makaranta daga Magariya)

Amsa: Malam, mun san zafin wannan, amma yana faruwa ko'ina, kuma mai duba naman da ya ce "bai isa ba" ya fi wanda zai yi ƙirƙira. Ko gutsuren ya yi ƙanƙanta, ko an ɗauko mataccen wuri, ko hantsaki mai dakushi ya murƙushe shi, ko kuma ya lalace a hanya. Ku koma a sake, kada ku bari.

Wannan na ƙarshen, wato lalacewa a hanya, yana hannunku in aka ba ku kwalbar ku kai ɗakin anapat, inda ake duba naman, da kanku, balle in tafiyar ta kai Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Naman yana shiga formol mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari nan take, ruwan ya ninka shi aƙalla sau goma, ya nutse sarai. In an sa shi a ruwan gishiri ko aka bar shi a kan gaz, cikin ɗan lokaci ya ruɓe ko ya bushe. Kowane wuri da kwalbarsa: na ƙasan tumbi daban, na sama daban. Kafin ku bar ɗakin ku karanta sunan da ke jikin kwalba, ku ga ya yi daidai da na takardar, an kuma rubuta inda aka ɗauko da kwanan wata. A ɗaure murfin, a sa a leda, a tsaye, cikin jakar hannu, ba a saman mota cikin rana ba. Kada a sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa naman. Kada a buɗe don a leƙa, kada a rage ruwan. Formol fari ne tas kamar ruwan sha kuma guba ne, saboda haka in za ta kwana a gida a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa.